Shagon Dattijo a Ƙasar Sumaila: Abin da Na Gani a Damina Huɗu na Sayen Taki da Iri

Damina huɗu ke nan ina sayen taki da iri da maganin feshi a wani ɗan shago da ke bakin kasuwar wani gari a ƙasar Sumaila, kuma da yake 'yan'uwa da dama daga ikilisiyoyin Rano da Kibiya da Tudun Wada suna yawan tambayata ko wurin ya cancanci kuɗin mota, na ga gara in rubuta abin da idona ya gani, mai daɗi da marar daɗi, kowa ya auna da kansa. Shagon ba shi da allo, ba shi da suna a rubuce. Kirista da Musulmi duka shagon Dattijo suke ce masa, domin mai shi dattijon ikilisiya ne a wata majami'ar ECWA da ke ƙauyensu, tafiyar da ba ta kai rabin awa a kan babur ba. Ni kuwa malamin firamare ne da ya yi ritaya, ina noman masara da dawa da wake a gonakin gado, saboda haka ba da idon malamin gona nake magana ba, sai dai da idon mai saye wanda maciji ya taɓa sara a wasu wurare kafin ya iso nan.

Ɗaki ɗaya ne na bulo da rumfar kwano a gabansa. A ciki akwai kamfa mai lamba 15-15-15, wani lokaci da mai 20-10-10, akwai yuriya, sufa kuma takan samu idan masu gyaɗa suka nema da wuri. Akwai irin masara da na wake da na gyaɗa daga jerin SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT, waɗanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya take fitarwa, sai maganin ciyawa da na ƙwari, da famfon feshi na goyo mai cin lita 16, da buhunan adana hatsi. Kayan ba su da yawa, kuma duk wanda ya saba da manyan shagunan birnin Kano zai raina wurin da kallon farko.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne sikelin da ke rataye a jikin azarar rumfar. Ranar da na fara zuwa na nemi buhu biyu na yuriya, na ƙirga kuɗi na miƙa, ina jiran ɗan dako ya ɗora mini a amalanke, sai Dattijo ya ce in dakata. Ya sa yaronsa ya rataya buhun farko, allura ta tsaya a kan kilo 50 daidai. Aka rataya na biyu, ta tsaya a 48 da rabi. Ban ce komai ba, domin a saninmu buhu buhu ne, ba wanda yake tambayar nauyinsa. Shi kuwa sai ya ciro biro daga aljihun gaba, ya yi lissafi a bayan wani kwali, ya mayar mini da kuɗin kilo ɗaya da rabi, har da 'yan canjin da ni kaina ba zan tsaya nema ba. Na ce, "Baba Dattijo, ai ba kai ka ɗinke buhun ba, daga can ya zo a haka." Ya ce, "Gaskiya ne, Malam, amma a hannuna kake saya, kuma hamsin aka rubuta a jikinsa." Daga nan ya ɗebi ɗan kaɗan ya zuba a kofin gilashi mai ruwa, ya motsa da tsinke, muka tsaya muna kallo har ya narke tas, bai bar yashi ko tsakuwa a gindin kofin ba.

Wanda bai san abin da ake yi a harkar taki ba zai ɗauka wannan wasan yara ne. Yuriya ta ƙwarai kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin naitirojin ne, shi ne abincin da masara take nema ta yi duhu ta yi goyo, kuma manomi yakan sayar da akuya ko ragon da ya yi wata da watanni yana kiwo kafin ya mallaki buhu ɗaya. Na taɓa sayen kamfa a wata kasuwa, aka ɗinke bakin buhun da sabon zare, ban lura ba sai a gona, inda na tarar da rabinsa ƙasa ce mai launi da toka. Masu algus sukan huda buhu su zare tiya biyu su mayar da ɗinki, ko su juye taki marar kyau a cikin buhun kamfani mai suna. Irin wannan cuta ba ta bayyana a ranar ciniki, sai bayan mako uku, lokacin da masarar maƙwabci ta yi kore shar taka kuwa ta yi rawaya, alhali damina ta riga ta yi nisa, ba halin gyara.

Masu ƙaramin ƙarfi, musamman matan da suke noman kuɓewa da yakuwa a bayan gida, da tiya suke saye. Na ɗauki tiyar shagon na juya ta, domin na san dabarar buga gindin kwano ya lotsa ciki ya rage abin da yake ci. Gindinta lafiya lau yake. Da ita yake auna wa mai saye, da ita kuma yake karɓar hatsi daga wanda ya zo biyan bashi da kaka, ba shi da wata babba ta karɓa da ƙarama ta bayarwa.

Sai a damina ta biyu na sami damar tambayarsa dalili, wata rana da ruwa ya tsare mu a rumfar tun daga azahar har la'asar. Na yi zaton zai kawo mini ayoyin ma'auni, waɗanda duk mai zuwa sujada ya sani: Littafin Firistoci 19:35-36, da Maimaitawar Shari'a 25:13-16 inda aka hana ajiye ma'auni iri biyu a jaka ɗaya, da Karin Magana 11:1, da kuma Amos 8, inda annabi ya tsawata wa 'yan kasuwar da suke ƙagara Asabar ta wuce su koma rage mudu, har suna sayar da dussar alkama a matsayin hatsi. Ya san su duka, amma ba da su ya fara ba. Da mahaifinsa ya fara.

Mahaifin nasa Bamaguje ne, kuma tun yana saurayi kuturta ta kama shi, aka keɓe masa bukka a bayan gari, aka ware masa ƙwarya da akushi. Wani ɗan'uwa ne ya kai shi asibitin kutare na Yadakunya kusa da Kano, a zamanin da mishan ɗin SIM yake gudanar da shi. Ya yi shekaru a can yana shan magani, ya rasa yatsu biyu na hannun hagu, amma cutar ta tsaya. A can ya koyi karatun boko da Hausa, da Littafi Mai Tsarki na fassarar 1932, a can ya ba da gaskiya, sannan ya dawo gida ya yi aure. Dattijo ya ce tun suna yara, duk shekara a ranar bikin godiya na kaka, tsohon yakan sa a karanta masa Luka 17, labarin kutare goma da Yesu ya warkar, tara suka wuce abinsu, ɗaya kaɗai, Basamariye, ya juyo ya fāɗi a gaban ƙafafunsa yana godiya. In an gama sai ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku ya ce wa 'ya'yansa kada gidansa ya shiga cikin taran.

"To ka gani, Malam," in ji Dattijo, "da bai warke ba da ba a haife ni ba. Raina kyauta ne, cetona kuma kyauta ne. Ba sayen albarka nake yi da wannan sikelin ba, an riga an ba ni tun ban san sikeli ba."

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma a ganina ita ce take bayyana yadda shagon yake tafiya. Na san masu gaskiya a ciniki saboda tsoron hukunci, na san masu yi don suna, kuma a wannan kasuwar ma akwai wani Alhaji mai hatsi da nake amincewa da mudunsa ido rufe, domin addininsa ya yi kakkausan gargaɗi a kan tauye mudu kuma ya riƙe gargaɗin. Ba ina cewa gaskiya ta zama gadon Kirista ba ne, balle ma na ga Kiristan da ya sayar mini da iri mai huhu da hannun da ya ba da baiko ranar Lahadi. Abin da nake nufi shi ne tsarin da Dattijo ya ɗora al'amarin a kai. Ya nuna mini cewa a Fitowa 20, kafin a ambaci doka ko ɗaya daga cikin goma, sai da Allah ya tuna wa Isra'ilawa cewa shi ne ya fisshe su daga Masar, daga gidan bauta. Fitarwa ta riga doka. Haka Bulus ya yi a wasiƙarsa ga Romawa, ya ɗauki sura goma sha ɗaya yana bayyana jinƙan Allah, sai a sura ta 12 ya roƙe su, saboda wannan jinƙai, su miƙa jikunansu hadaya rayayya. Mai biyan bashi yana ƙirga abin da ya biya, yana neman inda za a yi masa ragi. Wanda aka tsamo daga rijiya kuwa ba ya zama da mai igiyar su yi ciniki a kan wane umarninsa zai bi wane zai bari.

Shi ya sa labarin da ya fi tsorata Dattijo ba na ɓarayi ba ne, na Sarki Saul ne a 1 Sama'ila 15. Saul bai ƙi zuwa yaƙin Amalekawa ba, ya je, ya ci nasara, ya cika mafi yawan abin da aka umarce shi, sai dai ya bar Sarki Agag da rai tare da kyawawan tumaki da shanu, sannan ya tari Sama'ila da fara'a yana cewa ya cika umarnin Ubangiji, alhali kukan tumakin yana tona masa asiri daga baya. Hujjarsa ma ta addini ce, wai don hadaya aka bar su, amsar da ya samu kuwa ita ce biyayya ta fi hadaya. Dattijo ya ce ɗan kasuwa Kirista yana iya zama Saul cikin sauƙi: ya rage kilo ɗaya a kowane buhu, ya fitar da zakka daga ribar, fasto ya sa masa albarka a gaban jama'a. Na yi dariya da na ji haka, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin na tuna yadda nake jinkirta kuɗin 'yan ƙwadago kwana biyu ko uku ba tare da wani dalili ba, ga shi kuwa Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya kafin rana ta fāɗi.

A wajen maganin feshi wannan hali ya fi jawo masa asara. Manomanmu sun saba sayen rabin abin da gona take bukata su tsinka shi da ruwa mai yawa, ciyawa ta yi laushi kwana huɗu ta miƙe, a ce magani ne ba shi da kyau. Dattijo yakan tambayi girman gona, ya karanta wa mutum abin da aka rubuta a jikin kwalba, ya nuna masa lambar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace, ya gwada masa murfi nawa ake zubawa a famfo ɗaya. Idan kuɗin mutum bai kai ba, yakan ba shi shawara ya fesa rabin gona da cikakken ma'auni ya nome sauran da fartanya. Akwai kuma abin da ba ya yi ko da za a ninka masa kuɗi, wato sayar da fiya-fiya ga wanda ya ce a wake zai zuba. Na ga wani dillalin wake da ke kai kaya Dawanau ya tashi a fusace saboda haka. Dattijo ya ce masa wannan waken yaran wani ne za su ci, ya kuma tuna masa cewa ragowar irin wannan magani ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Nijeriya a 2015. Maimakon haka yana tallata buhunan PICS masu ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, waɗanda in an ɗaure su da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Na adana wake a cikinsu daga kaka har bazara, na buɗe na same shi kamar ranar da aka sussuka. Ribarsu ga mai shago ba ta kai ta kwalabe ba, domin buhu ɗaya yakan yi wa manomi fiye da shekara guda in ɓera bai huda shi ba.

Ranar Lahadi shagon a rufe yake, ko da kasuwa ta ci a ranar, kuma wannan ya taɓa ƙona mini rai. A damina ta uku, bayan an tashi daga sujada na leƙa gona, na tarar tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta cika tsakiyar ganyen masarata, ta huda shi kamar rariya, kashinta ya taru kamar dussa. Wanda ya san ta ya san kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Na hau babur har gidansa, na same shi a gindin darbejiya da Littafin Waƙoƙi a cinya. Na ce, "Baba, don Allah ka buɗe mini shago, masarata za ta ƙare." Ya ce ba zai buɗe ba. Ina shirin juyawa da baƙin ciki sai ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar da ya ajiye don tasa gonar, da sauran fiye da rabi, ya ce in jira rana ta yi sanyi in fesa cikin tsakiyar ganyen. Na ciro kuɗi, ya ƙi karɓa, ya ce Ubangiji da kansa ya tambaya wane ne sansa zai fāɗa rijiya ran Asabar ya ƙi tsamo shi, saboda haka taimako halal ne, ciniki ne ya ajiye. Washegari na je shago na sayi sabuwa na mayar masa. Duk da haka dole in faɗa cewa ba kowa ya san hanyar gidansa ba, kuma manomin da ya taso daga nesa ranar Lahadi bai sani ba ya yi asarar kuɗin mai. Rubutu ɗaya a jikin ƙofa da ya wadatar, amma har yau babu. Yaron shagon Musulmi ne, ranar Juma'a kuma Dattijo yakan sallame shi tun kafin kiran salla ya tsare shagon shi kaɗai, don haka layi yakan yi tsawo a wannan lokaci.

A farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani, 'yan kasuwa da yawa sun yi farashi biyu, na kuɗi a hannu da na turawa ta waya. Shi farashi ɗaya ya riƙe, masu noman rani kuma ya rubuta su a littafin bashi ba tare da ƙarin ko sisi ba. Na san wasu ba su biya ba har yanzu.

Aibobin shagon ba ɓoyayyu ba ne. Farashinsa yakan ɗara na kasuwa da ɗan abin da mai buhu goma zai ji a jikinsa, ko da yake araha ba ta ado, kuma ni na gwammace in biya in san abin da na ɗauka. Jarinsa ƙarami ne, don haka a tsakiyar Yuli, daidai lokacin zuba taki na biyu, yuriya takan yanke mako guda. Ba shi da na'urar cirar kuɗi. Rufin ɗakin yana yoyo a kusurwa ɗaya, har wasu buhuna suka dunƙule bara. Ya faɗa wa masu saye ya kuma rage kuɗi, amma gyaran kwano ya fi ragin sauƙi. Taki da iri da guba duk a ɗaki ɗaya suke, warin kuma yana hawa kai da zafin rana, ga shi ba ya kawo safar hannu da takunkumi a kai a kai, alhali shi ne mai yi wa mutane gargaɗin kada su fesa magani da jiki a buɗe. Sannan ciniki a wurinsa ba na mai sauri ba ne, tsakanin awo da narkarwa da karatun kwalba mutum yakan ɓata awa guda a kan abin da ba zai wuce minti goma a wani wuri ba.

Akwai kuma harshensa. Mutumin da ba ya tauye wa kowa ƙwayar taki yakan tauye wa yaronsa mutunci a gaban jama'a idan ya yi kuskuren lissafi, kuma na taɓa jin ya yi wa wata tsohuwa faɗa a kan tsohon bashi da muryar da ta sa na sunkuyar da kai. Da yake shi ya buɗe mini ƙofar irin wannan magana, na same shi a keɓe na ce, "Baba Dattijo, Yakubu sura 3 ma, mai magana a kan harshe, tana cikin Littafin, ko ita ce tumakin da aka bari da rai?" Ya yi shiru har na fara nadamar faɗa, sannan ya ce, "Ka kama ni, Malam." Mako na gaba yaron ya gaya mini cewa maigidansa ya ba shi haƙuri, abin da bai taɓa yi ba. Ban ce ya daina gaba ɗaya ba, domin ko a watan jiya na ji muryarsa tun daga bakin hanya.

Sau ɗaya irinsa ya ba ni kunya. Wani irin masara da na saya bai tsiro ko rabi ba, ga ruwa ya sauka sosai. Da na koma sai na tarar ya riga ya ji daga wasu, ya jiƙa ƙwaya ɗari a tsumma ya ƙirga waɗanda suka tsiro, ya tabbatar laifin daga irin ne, ya dakatar da sayarwa, ya kuma aika yaronsa ƙauye ƙauye da jerin sunayen waɗanda suka saya don a musanya musu. Kwana goman da na rasa ba su dawo ba, kuma masarar ta nuna a makare, amma ban yi gardama da kowa ba kafin a ba ni haƙƙina. Tun daga lokacin yana gwada tsiron kowane iri kafin ya sa shi a kanta, tsumman yana nan a jiƙe a cikin wani tsohon kwano a gefen sikeli.

Wanda yake da niyyar zuwa ya zo tun watan Mayu, kafin ruwa ya zauna, ya faɗi adadin buhunan da zai bukata har na zubi na biyu don a ajiye masa, ya zo da kuɗi a hannu ko ya shirya turawa ta waya, ya kuma san girman gonarsa domin za a tambaye shi. Ya guji Lahadi da tsakar ranar Juma'a. Ni na riga na ba da sunana na bana, kamfa huɗu da yuriya uku da buhunan wake shida, na kuma yi masa alkawarin kawo bandir ɗin kwano rabi daga Kano idan ya yarda a cire kuɗin a cikin takin, ya ce zai yi shawara da mai ɗakinsa.